Gaba Ta Haska

Ranar Alhamis ɗin nan mutum goma sha huɗu muka samu a zagayen ƙarfe biyu na rana. Goma sha ɗaya matan zumunta ne na wani coci a jihar Indiana, sun zo cikin farar mota guda, kowace da jakar hannu kamar wadda za ta kwana. Sai wasu sababbin ma'aurata da ba sa sakin hannun juna. Cikon na sha huɗun wani ƙato ne daga jihar Ohio mai jar hula, irin mutanen nan da suke karance komai kafin su zo, zuwan nasu don su gwada ko kai ma ka sani ne. Na ƙirga su a bakin kogo, na sake ƙirgawa, sannan na ja ƙofar ƙarfe na rufe.

Yayana Delmer yana tsaye a kan matakala ta farko, ya gyara wuyan rigarsa yana jiran su yi shiru. Shekararsa saba'in da ɗaya, hamsin da biyu daga ciki ya yi su ne yana shiga gaban baƙi a kogon nan da ke ƙarƙashin gonar tabar kakanmu Gossett. Ni Wilda, autar gidan, aikina baya ne. Haka Baba ya raba mana tun muna da sauran ƙuruciya. Ya ce Delmer ya yi gaba tunda Allah ya ba shi baki, ni kuma in tsaya baya tunda Allah ya ba ni ido da rashin yarda da mutane. Ban ji haushi ba, don bai yi ƙarya ba.

Ba ma barin fitilun kogo a kunne. In haske ya daɗe a kan dutse mai laima, gansakuka ce ke fitowa ta mayar da shi kore, shi ya sa Baba ya raba wayar sashe-sashe. Na gaba zai kunna sashen da za a shiga ya ɗaga murya ya ce, "Gaba ta haska!" Na baya kuwa, kwanar dutse ta tare masa gani, kuma hasken nasa sashen ya cika masa ido, sai ya kashe nasa sannan yake ganin na gaban yana zubowa ta kwanar. Don haka da muryar yake aiki. Da ya ji kiran sai ya kashe ya amsa, "Baya ta kwanta!" Shekara talatin da takwas ina kashe fitila a kan maganar Delmer, ban taɓa leƙawa in tabbatar ba.

Shekara huɗu da suka wuce idanunsa suka fara mutuwa. Likita a garin Bowling Green ya ce ba magani, sai dai a jinkirta. Ya ajiye tuƙi, ya ajiye jarida, amma ya ce a cikin kogo yana gani dishi-dishi kuma hakan ya ishe shi. A hanyarmu ta dawowa daga asibitin na ce masa, "Yaya, ranar da na ga ba ka gani a ciki, ranar za ka sauka daga gaba." Ya ce, "Na yarda. Ranar da kika gani." To tun daga ranar nake kiyaye kada in gani. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna can birni, in aka raba shi da gaban layin nan ban san me zai tashi da safe ya yi ba. Ina tsoron wannan fiye da yadda shi yake tsoro.

"To jama'a, sannunku da zuwa," in ji Delmer. "Kafin mu sauka, bari in gaya muku gaskiyar da ba a rubuta a allon bakin hanya ba. Ba kakanmu ne ya gano kogon nan ba. Aladensa ne ya faɗa rami, shi kuma ya karɓi yabon."

"Aladen fa?" in ji shugabar matan, wata doguwar tsohuwa mai sanda da suke kira Mama Oleta.

"An ci shi da Kirsimeti, Madam. Ladan aikinsa ke nan."

"Kai, maza dai ba ku da kirki tun asali," in ji ta, sauran suka kwashe da dariya.

Muka fara sauka. Kwana uku ana ruwa, don haka kogon yana ta ɗiga ta ko'ina, sanyin nan nasa da ba ya canzawa rani da damina ya taso ya tarye mu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Matakala tamanin da shida ne. Matan suna sauka a hankali suna ƙorafin gwiwa, wata gajeriya mai suna Fern tana cewa da ta san haka ne da ta zauna a mota da burodin masararta. Delmer kuwa yana gaba, hannu ɗaya a aljihu, yana tafiya kamar a tsakar ɗakinsa.

A ɗakin farko duwatsu ne rataye daga sama kamar hantsar saniya, kowanne da ɗigon ruwa a bakinsa. Delmer yana bayanin yadda ɗigon ke gina su, na hango mai jar hula ya miƙa hannu zai shafa wani.

"Malam, sauke hannunka," na ce.

"Taɓawa kawai zan yi."

"Maiƙon hannunka zai hana shi girma. Shekara ɗari yake yi kafin ya ƙaru da tsawon farce."

"Na karanta cewa ya danganta da yawan ruwan..."

"To ka karanta cewa ba a taɓawa?"

Ya mayar da hannun aljihu yana ƙunƙuni. Daga gaba Delmer ya ce, "Ka yi haƙuri da ƙanwata, ranka ya daɗe. Mun so mu sayi kare, sai muka ga asarar kuɗi ce tunda muna da ita."

"Ci gaba da aikinka, tsoho, kafin in kashe maka fitila," na ce. Wannan faɗan kullum muke yinsa, kuma baƙi suna jin daɗinsa.

Haka muka bi sashe na biyu da na uku, yana kira ina amsawa. Muka ratsa matsatsin da muke kira Ƙugun Amarya, inda mai ƙiba sai ya karkace, Fern ta maƙale da jakarta har sai da biyu suka ja ta, ana ta tsokanarta da burodin masara. Bayan nan hanya ta buɗe a kan ɗan tafkin da ruwansa ke kwance garau har kana ganin yashin ƙasa. Delmer ya sa su sunkuya su nemi fararen kifayen nan 'yan mitsi-mitsi.

"Allah sarki," in ji Mama Oleta. "Ba su da ido ko kaɗan?"

"Me zai yi da ido a nan, Madam? Kuma ki duba hutun da ya samu. Matarsa ba ta taɓa tambayarsa ko sabuwar riga ta yi mata kyau ba."

Suka yi dariya har amon yana dawowa daga bango. Ni ban yi ba. Na ji wannan barkwancin sau dubbai, amma 'yan shekarun nan duk ya faɗe shi sai in sunkuya in yi kamar ina gyara igiyar takalmi.

Kafin mu bar tafkin ya yi musu gargaɗin da ya saba. Ya ce a can ɗakin ƙarshe za mu kashe duk fitilu na minti ɗaya, don su ɗanɗani duhun da ba a samunsa a bayan ƙasa, kada kowa ya tsorata. Amaryar nan ta ƙara ƙanƙame hannun mijinta, matan suka hau gardamar wadda za ta fara ihu.

Daga tafkin akwai doguwar hanya mai lanƙwasa, sannan kwana mai kaifi zuwa dama. Bayan kwanar ne Rijiyar Alade take, ramin da aladen nan ya faɗa har aka gano kogon, zurfinsa ƙafa arba'in. Hanya tana bin bakinsa, ramin yana hannun hagu. Da ka sha kwanar za ka sauka matakala uku, kuma sai bayan su ƙarfen dafawa yake farawa. Tsakanin kwanar da ƙarfen, taku biyu ne da ba abin da ya raba mutum da ramin sai ɗan tudun dutse iya idon sawu. Baba ya sha cewa zai ƙara ƙarfe a wurin, mu ma mun sha faɗa, amma da yake fitila huɗu ne ke haska wurin, ba wanda ya taɓa ko tuntuɓe.

Ina can ƙarshen layi, hannuna a kan makunni, na ji ƙarar nasa, ƙas. Sai muryarsa, cike da ƙarfi kamar kullum: "Gaba ta haska!"

"Baya ta kwanta!" na amsa, na kashe.

Ba abin da ya zubo ta kwanar. Duhu ne ya rufe mu ruf, irin wanda ko yatsanka ka sa a ido ba za ka gan shi ba. Laimar kwana ukun nan ta shiga akwatin wayar, makunnin ya yi ƙara amma wuta ba ta kama ba. Wata ta ce, "Au, har an zo wurin?" Wata ta yi 'yar dariya. Sun ɗauka minti ɗayan da aka yi musu alkawari ne, sai suka yi tsit suna jira.

Cikin shirun nan na ji takun Delmer yana sauka, ɗaya, biyu, uku. Na ji muryarsa ta yi gaba.

"To ku matso, jama'a, ku bi a hankali, matakala uku ne. Ku ɗaga kai sama ta dama. Kun ga wancan labulen dutsen? Ku dubi yadda haske ke ratsa shi, ja da fari kamar yankan naman alade. Shi kakarmu ta fi so a duk kogon nan."

Hannuna yana kan makunni, kuma ban danna ba. Gara in faɗi wannan da bakina. Na tsaya ina roƙon Allah a zuci ya sa ya lura da kansa, ya yi dariya ya ce wasa yake yi, ko wani ƙwan fitila ya kama da kansa. Numfashi uku na ja a haka, ina auna mutuncin yayana da rayukan mutum goma sha huɗu, kuma har yau ina jin kunyar cewa sai da na auna. Sai na ji ƙarar sandar Mama Oleta a kan dutse, da takalma suna ja a ƙasa. Na gaban layin sun fara bin muryarsa.

"Kowa ya tsaya inda yake!" na daka tsawa, na danna makunnin. "Kada wanda ya ɗaga ƙafa!"

Fitilun baya suka kama. Na zaro tocila daga ɗamara na kutsa ta tsakaninsu, ina ture jakunkuna, har na sha kwanar. Mama Oleta tana kan matakala ta farko, ƙasan sandarta a kan tudun nan na bakin rami. Na kama gwiwar hannunta na mayar da ita jikin bango. Sannan na ɗaga tocilar.

Hasken ya sauka a fuskar Delmer sosai. Yana tsaye bayan ƙarfen dafawa, hannunsa na dama a miƙe sama yana nuna labulen da ba wanda ke gani. Idanunsa a buɗe suke, kuma bai ƙifta ba, bai kau da kai ba. Ya dai karkato kunne wajen da ya ji tsawata.

"Wilda? Lafiya? Wani ne ya faɗi?"

"Wuta ba ta kama ba, Yaya."

Ya sauke hannun a hankali. Ba ka jin komai sai ɗigon ruwa can ƙasan rijiyar.

"Ba ta kama ba," ya maimaita.

"Tsaya, tsaya," in ji mai jar hula daga baya. "Wai kuna nufin mutumin nan ba ya..."

"Rufe mana baki, ɗan nan," in ji Mama Oleta ba tare da ta waiwaya ba. "Ba a tambaye ka ba."

Delmer ya gyara murya. Da ya yi magana, muryar aikinsa ce, ba rawa a cikinta. "Jama'a, ku gafarce mu, yau kogo ya ƙi baƙi daga nan. Kowa ya juya inda yake tsaye, ya dafa bango da hannun hagu. Za mu koma ta inda muka fito."

Sai da suka juya na ga abin da hakan ke nufi. Layi ya juye, baya ya zama gaba. Na sake ratsa su na koma wurina, sai ga ni da mutum goma sha huɗu a bayana suna jiran in ja su, Delmer kuma can ƙarshe inda nake tsayawa. Ban taɓa shiga gaba ba ko sau ɗaya. Na isa makunnin tafki na kunna, na tsaya na dubi fitilun ɗaya bayan ɗaya, sannan na buɗe baki. Muryar da ta fito ƙarama ce kamar ba tawa ba.

"Gaba ta haska."

"Ɗaga murya, yarinya, ba a coci kike ba!" in ji shi daga baya. Matan suka yi dariyar da ta sassauta musu jiki. Na sake faɗa da ƙarfi, na ji ƙas, ya amsa. Ko lalube bai yi ba wajen gano makunnin.

Ni ba ni da labari ko ɗaya a bakina, duk da na haddace nasa kaf. Shi ya riƙa jefo su daga baya. Ya gaya wa Fern ta riƙe jakarta a gaba kafin Ƙugun Amarya, ya gaya wa angon akwai dutse daidai goshinsa nan da taku huɗu, ya sunkuya. Ya san inda kowannensu yake da ƙarar takalminsa. Tafiyar ta yi daɗi ma, abin haushi. A matakala tamanin da shidan nan matan suka kama waƙar coci a hankali don su manta da gwiwa, har muka fito cikin hasken la'asar.

Na ƙirga su a bakin ƙofa, goma sha huɗu. Mama Oleta ta tsaya ta kama hannun Delmer da hannayenta biyu, ta ce ta shiga koguna uku a rayuwarta, ba ta taɓa samun mai jagora kamarsa ba. Ya ce ta dawo da rani ta ga labulen. Mai jar hula ya wuce motarsa kai tsaye. Da ƙurar motocinsu ta kwanta, muka zauna a kan bencin bakin kogo, sanyin ciki yana busowa a bayanmu.

"Laima ce," in ji shi. "Gobe in an buɗe akwatin aka busar, shi ke nan. Dama na ce a canza wayar nan tun bara."

Na zaro tocilar ina juya ta a hannu.

"Kowa zai iya yin wannan kuskuren, Wilda. Sabo ne. Hannu ya danna, baki ya faɗa."

"Na haska maka tocila a fuska, Yaya."

Ya juyo wajena. "Yaushe?"

"Kana nuna musu labule."

Ya cire hularsa yana murza ta a gwiwa. Can ya ce, "To. Kin gani ke nan."

"Tun yaushe?"

"A ciki? Shekara biyu ke nan ba na ganin komai. A waje ina ganin inuwa-inuwa in rana ta yi ƙarfi."

Raina ya ɓaci. Shekara biyu, yara 'yan makaranta, tsofaffi masu sanda, duk sun bi ta bakin ramin nan a kan maganar mutumin da ba ya ganin fitilar da yake kunnawa. Na so in zazzage masa, amma na san rabin laifin nawa ne, ni da aka ajiye a baya saboda ido. Kuma tausayinsa ya fi fushin yawa, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi.

"Ka sauka daga gaba, Yaya. Daga yau."

"Ko da an gyara wayar?"

"Ko da an gyara."

"Ko zagaye ɗaya a mako? Na safiyar Litinin, da ba kowa sai mutum biyu uku?"

"Ko shi."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hularsa, ya gyara mata zama. Ban ga hawaye ba, ni ce ma nake share nawa da bayan hannu, ina godiya da ba ya gani, sannan na ji kunyar godiyar.

Na tashi na kulle ƙofar ƙarfe na ce mu je gida in dafa kofi. Na kama hanyar tsakuwa da ta haura ta cikin gona, na yi taku biyar shida, sai na ji ba ya biye. Na waiwaya, yana tsaye a gaban bencin.

"Me kuma?"

"Kullum sai in bari ki wuce, in bi ƙarar takalminki a kan tsakuwa," in ji shi. "Shi ya sa nake tsokanarki a hanya, don ki yi ta magana. Kogon na sani, Wilda. Hanyar gida ce ban sani ba." Ya miƙo hannu wajen da ya ji muryata, ya ɗan kauce kaɗan zuwa hagu. "Yau na gaji da bin sawu. Zo ki kama ni."

Na koma na ɗora hannunsa a gwiwar hannuna. Muka haura a hankali, ina gaya masa inda ruwa ya cinye hanya.